Me Ya Sa Sansanonin Soji Ke Faɗuwa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Hare-haren Tafkin Chadi da Sahel

Duk ranar da aka wayi gari da labarin mayaƙa masu iƙirarin jihadi sun afka wa sansanin soji, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa bakin mutane. Wasu na yin su cikin fushi, wasu cikin tsoro, wasu kuwa ɗansu ko mijinsu ne a fagen daga kuma wayarsa ta daina shiga. Ga amsoshin waɗanda aka fi yi.

Su wane ne ke kai hare-haren? Duk Boko Haram ne?

A'a. Sunan ya zama hular da ake ɗora wa kowa, amma ƙungiyoyin daban-daban ne, har yaƙar juna suke yi.

A yankin Tafkin Chadi akwai biyu. Ta farko ita ce Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad, ainihin wadda ake kira Boko Haram, wadda Abubakar Shekau ya jagoranta bayan kashe Muhammad Yusuf a Maiduguri a watan Yulin 2009. Shekau ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS, mai kiran kanta Daular Musulunci, a watan Maris na 2015, amma a watan Agustan 2016 IS ta ayyana Abu Mus'ab Albarnawi a matsayin shugaba, gida ya rabu biyu. Ɓangaren Albarnawi shi ne ISWAP, wato reshen IS na Afirka ta Yamma. Shekau ya mutu a dajin Sambisa a watan Mayun 2021 lokacin da ISWAP ta ritsa shi, ragowar mutanensa kuma suka fi ƙarfi a tsibiran tafkin ƙarƙashin Bakura, da kuma duwatsun Mandara.

A tsakiyar Sahel, wato Mali da Burkina Faso da yammacin Nijar, nan ma biyu ne. Akwai JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida, wadda aka kafa a watan Maris na 2017 ƙarƙashin Iyad Ag Ghali, da Amadu Kufa a matsayin babban jigonta a tsakiyar Mali. Sai reshen IS na Sahel, wanda ya fi ƙarfi inda iyakokin ƙasashen uku suka haɗu. Cin sansanin soji ya fi zama sana'ar ISWAP da JNIM da IS ta Sahel, duk da cewa mutanen Bakura ma sun yi ɓarna mai yawa a ɓangaren Chadi.

Me suke nema a sansani, alhali ga ƙauyuka nan babu mai tsaronsu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin wanda ya gane amsarta ya gane rabin yaƙin.

Abu na farko makamai. Mai tayar da ƙayar baya ba shi da masana'anta, ba shi da tashar jirgin ruwa. Harsashi kuwa ƙarewa yake yi, kuma sayensa a kasuwar bayan fage da tsada da haɗari. Sansanin soji shi ne wurin da aka tara masa komai a waje guda: bindigogi, akwatunan harsasai, rokoki, motoci masu ɗauke da manyan bindigogi, man fetur, magunguna, kakin soja, na'urorin sadarwa, har da buhunan abinci. Abin da suka iya ɗauka su ɗauka, abin da ya fi ƙarfinsu, kamar tankar yaƙi, su cinna masa wuta. Sannan da ganimar wannan sansani za a ci na gaba. Shi ya sa hare-haren ke zuwa a jere, ɗaya na haifar da ɗaya.

Na biyu ƙasa. Idan aka kori sojoji daga wuri, hanya ta buɗe, kasuwa ta koma hannunsu. A tafkin Chadi suna karɓar haraji daga masunta da makiyaya da manoman barkono. A Sahel suna karɓar abin da suke kira zakka ta shanu, suna kuma sa hannu a wuraren haƙar zinare. Sansani guda a bakin hanya yana iya toshe duk wannan kuɗin shiga, don haka dole a kawar da shi.

Na uku kuwa saƙo ne. Suna ɗaukar bidiyo su watsa don samarin da suke zawarci su ga ƙarfi, don sojan da ke sansani na gaba ya karaya, don kuma mutumin ƙauye ya ce a ransa: wanda bai kare kansa ba, ta yaya zai kare ni? Wani lokaci ma mutanensu da ke tsare suke so, kamar yadda aka yi a barikin Giwa na Maiduguri ranar 14 ga Maris, 2014, inda suka fasa ɗakunan tsare mutane.

Sabon abu ne, ko an daɗe ana yi?

An daɗe. A watan Janairun 2015 suka ci sansanin dakarun haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Chadi a Baga. A watan Yunin 2016 suka shiga Bosso a jihar Diffa ta Nijar. Shekarar 2018 ta yi wa sojojin Najeriya tsanani: Jilli a watan Yuli, Metele a watan Nuwamba, sannan Baga kuma a ƙarshen Disamba.

Daga nan nauyin ya koma yamma. Cikin wata huɗu kacal aka yi Bulkesi a Mali a ƙarshen Satumban 2019, Indelimane ranar 1 ga Nuwamba inda sojojin Mali 49 suka rasu, Inates a Nijar ranar 10 ga Disamba da sojoji 71, sai Shinagodar ranar 9 ga Janairun 2020 da sojoji 89. Waɗannan alƙaluman gwamnatoci ne da kansu. A watan Maris na 2020 Chadi ta rasa sojoji kusan 100 a Bohoma cikin rana ɗaya.

A 2025 abin ya sake tashi a duka fagagen biyu. A Borno da Yobe an kai wa Malam Fatori da Wajiroko da Wulgo da Marte da Buni Gari hari, har Gwamna Babagana Zulum ya fito a watan Afrilu ya yi gargaɗin cewa jihar na rasa wuraren da aka ƙwato. A Sahel JNIM ta shiga Djibo ta Burkina Faso a watan Mayu, ta sake cin Bulkesi a farkon Yuni, ta kai hari Tumbuktu washegari.

Yaya za a yi mutane a kan babura su ci sansani mai ɗaruruwan sojoji?

Da farko a cire hoton barikin birni daga zuciya. Yawancin waɗannan wurare fili ne aka kewaye da rami da tudun ƙasa. A ciki akwai tantuna da rumfunan kwano, da wasu motoci da rabinsu sun lalace ana jiran kayan gyara. Wani lokaci ginin makarantar firamare ce aka mayar mazauni. Gari mafi kusa da za a iya kawo ɗauki daga cikinsa yana da nisan tafiyar sa'o'i, a kan hanya guda ɗaya da kowa ya sani.

Sojan da ke cikin ramin nan yana iya shafe shekaru a fagen daga ba a canza shi ba. Yana kwana da takalminsa a ƙafa. Harsashinsa a ƙirge yake. Maharan kuwa su ke zaɓar rana da sa'a. Sun yi makonni suna kallon wurin, suna da masu kai musu labari, suna taruwa daga wurare da dama su zo da yawan da ya ninka na masu gadi, galibi cikin dare ko da asuba. Kuma sun san cewa za a turo ɗauki, don haka suna binne nakiyoyi a hanya su yi kwanton ɓauna. Haka aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a watan Nuwamban 2021, yana kan hanyar kai ɗauki Askira Uba.

Wanda yake son ganin yadda sansani ke mutuwa tun kafin a harba harsashi, ya dubi Inata a arewacin Burkina Faso. Jandarmomin da ke can sun rubuta wa manyansu cewa abinci ya ƙare, sun yi kusan mako biyu suna yanka dabbobin da suka samu a kewaye don su rayu. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Nuwamban 2021, aka afka musu. Aƙalla mutum 53 suka mutu, mafi yawansu jandarmomi. Ni dai ban ga yadda za a kira waɗannan mutane ragwaye ba. An bar su ne da yunwa a tsakiyar daji, aka manta da su.

To ina jiragen yaƙin da aka saya?

Suna nan, kuma sun sha ceton sansanoni. Najeriya ta karɓi jiragen Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun sayi jirage marasa matuƙi daga Turkiyya. Sai dai jiragen kaɗan ne, fagen kuma faɗi gare shi. Kafin a kira, a ba da izini, jirgi ya tashi ya iso, sau da yawa maharan sun riga sun cakuɗe da sojoji a cikin sansani, matuƙi ba zai iya sakin bam ba. Hazon hunturu da hadarin damina su ma suna hana tashi. Idan kuma aka kai hari wurare uku a dare ɗaya, dole a zaɓi wanda za a ceta.

Wani abin damuwa shi ne su ma yanzu sun hau sama. ISWAP da JNIM suna amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi na kasuwa, da farko don leƙen asiri da ɗaukar hoto, daga baya kuma don jefa abin fashewa.

Ba a taɓa gwada haɗe ƙananan sansanoni su zama manya ba?

An gwada. A 2019, bayan asarar da aka yi a shekarar da ta gabata, rundunar sojin Najeriya ta janye dakaru daga ƙananan wurare ta tara su a manyan sansanoni masu ƙarfi. Mutuwar sojoji a cikin sansani ta ragu, wannan gaskiya ne. Amma karkara ta zama ta mayaƙa. A watan Agustan shekarar suka shiga Gubio da Magumeri ba tare da wata turjiya ta kirki ba. Suka riƙa kafa shingaye a hanyar Damaturu zuwa Maiduguri. A watan Fabrairun 2020 aka ƙona matafiya kusan 30 a Auno, waɗanda dare ya yi musu bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka kwana cikin motocinsu.

Gaba kura ce, baya sayaki. A warwatsa sojoji a ƙananan sansanoni, a cinye su ɗaya bayan ɗaya. A tara su wuri guda, a bar talaka a hannun mai bindiga. Babu kwamandan da ya tsira daga wannan matsala muddin sojojinsa ba su kai yawan ƙasar da aka ba shi ya tsare ba.

Gaskiya ne sojoji ke sayar musu da makamai, ko wasu ƙasashe ke ba su?

An kama ɗaiɗaikun jami'an tsaro da laifin sayar da harsasai da makamai, an kuma gurfanar da wasu. Makaman da suka fantsama daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun taimaka wa tawayen arewacin Mali a 2012. Duk wannan ya faru. Amma duk wanda ya kalli bidiyoyin da ƙungiyoyin ke fitarwa zai ga motocin da suke hawa da fentin rundunonin yankin a jikinsu. Mafi yawan manyan makamansu ganimar yaƙi ce.

Cin amanar da ta fi kisa tana faruwa nesa da fagen daga, a ofisoshin da ake ba da kwangila. A Najeriya an yi shari'o'i kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. A Nijar binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020, watanni kaɗan bayan Inates da Shinagodar, ya bankaɗo kwangilolin da aka ninka farashinsu da kayan da aka biya ba a kawo ba. Kowace motar da aka ci kuɗinta, akwai sojan da ya jira ta a rami ba ta zo ba. Tun a watan Mayun 2014 fushin wannan ya fito fili a barikin Maimalari, lokacin da sojoji suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin abokansu.

Me ya sa adadin waɗanda suka mutu ke saɓawa?

Kowane ɓangare yana da dalilin juya lissafi. Ƙungiyoyin suna ƙarawa don su yi suna, rundunonin soji suna ragewa don kada gwiwa ta yi sanyi. A Metele rundunar sojin Najeriya ta ce 23 ne suka rasu, kafafen labarai kuwa suka ruwaito adadin da ya ninka haka sau da yawa. A arewacin Benin a watan Afrilun 2025 JNIM ta ce ta kashe 70, gwamnati ta tabbatar da 54 bayan kwanaki. Akwai kuma waɗanda suka watse cikin daji, wasu su ɓullo bayan kwanaki, wasu shiru har yau.

A ganina ɓoye adadi ba ya kare kowa. Abokan mamacin sun ga gawarsa, su ne suka ɗauke ta. Idan suka ji sanarwa ta ce an daƙile hari babu asara, abin da suke koya shi ne su ma ranar da suka faɗi haka za a share sunansu. Matar da ta ji mutuwar mijinta a Facebook kafin hukuma ta kira ta, an zalunce ta sau biyu.

Juyin mulkin da aka yi a Sahel bai rage hare-haren ba?

Faɗuwar sansanoni na cikin abin da ya kawo juyin mulkin. Zanga-zangar da ta biyo bayan Inata ce ta share hanyar kifar da Shugaba Kabore na Burkina Faso a watan Janairun 2022. Wanda ya gaje shi, Laftanar Kanar Damiba, shi ma Kyaftin Ibrahim Traore ya ture shi a ƙarshen Satumban shekarar, kwanaki kaɗan bayan an hallaka ayarin motocin da ke kai abinci Djibo a Gaskinde. Mali ta yi nata a 2020 da 2021, Nijar a watan Yulin 2023, kuma duka sun kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro.

Sojojin Faransa sun bar Mali a 2022, suka bar Burkina Faso da Nijar a 2023. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun fice daga Mali a ƙarshen 2023, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a 2024. Ƙasashen uku sun kafa AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, sun kuma matso kusa da Rasha. Mali ta ƙwato Kidal a watan Nuwamban 2023. Duk da haka an ci sansanin Mansila a Burkina Faso a watan Yunin 2024, aka kai hari makarantar jandarmomi da filin jirgin saman Bamako ranar 17 ga Satumban 2024. Lokacin da Faransawa ke nan sansanoni sun faɗi, bayan tafiyarsu ma sun faɗi. Wanda ke goyon bayan kowane ɓangare ya kamata ya iya faɗin wannan ba tare da ya haɗiye rabinsa ba.

Ina dakarun haɗin gwiwar Tafkin Chadi?

Rundunar tana da hedikwata a Injamena, kuma ta yi tasiri a 2015 lokacin da sojojin Chadi da Nijar da Kamaru suka taya Najeriya ƙwato garuruwa kamar Damasak da Dikwa da Gamboru. Matsalarta ita ce takan yi babban farmaki na 'yan watanni, sannan kowa ya koma gida, mayaƙan su dawo tsibiransu. Bayan Bohoma, marigayi shugaban Chadi Idris Deby ya jagoranci farmaki da kansa ya kuma yi ƙorafin an bar wa Chadi nauyin yaƙin. Bayan kashe sojojin Chadi kusan 40 a Barkaram a watan Oktoban 2024, ɗansa Mahamat, wanda ya gaje shi, ya yi barazanar ficewa daga rundunar. Nijar kuwa ta sanar da janyewarta a watan Maris na 2025. Mayaƙan ba su san iyaka ba, masu yaƙarsu ne kawai ke tsayawa a bakin iyaka.

Me ke faruwa da mutanen gari idan sansani ya faɗi?

Su ne ke biyan kuɗin da ya fi yawa, kuma su ne ba a cika ƙirgawa ba. Bayan cin sansanin Baga a 2015 aka bi garin da ƙauyukan kewaye da kisa da ƙone-ƙone. Gwamnati ta ce mutum 150, mazauna suka ce abin ya wuce haka nesa. A Rann ta jihar Borno, a watan Janairun 2019, da sojoji suka janye sai dubun-dubatar mutane suka bi su a ƙafa zuwa Kamaru, waɗanda suka rage ko suka koma ɗebo kaya aka kashe da yawa daga cikinsu. Wannan Rann ɗin ce jirgin sojin Najeriya ya jefa wa bam bisa kuskure a 2017, fiye da mutum 100 suka mutu. A Marte a watan Mayun 2025 dubban mutanen da ba su daɗe da komawa gida ba suka sake tserewa Dikwa.

Ɗan ƙauye yana tsakanin wuta biyu. Idan ya sayar wa soja da abinci, mayaƙa su ce ɗan leƙen asiri ne. Idan ya biya mayaƙa haraji don ya yi noma, soja ya ce ɗan ta'adda ne. A Barsalogho ta Burkina Faso, ranar 24 ga Agustan 2024, mutanen gari aka fitar su haƙa ramin kariya, JNIM ta same su a ciki ta kashe ɗaruruwa. A Mura ta Mali kuwa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojoji da mayaƙan ƙetare sun kashe aƙalla mutum 500 a watan Maris na 2022, zargin da gwamnatin Mali ta musanta. Duk ƙauyen da aka yi wa irin wannan, an rufe bakin da zai iya gaya wa soja cewa an ga babura suna taruwa a bayan gari.

Shin wannan jihadi ne?

Manyan malaman Musulunci na yankin, daga ɗariƙu har Izala, sun yi tir da su tun da wuri, wasu kuma sun biya da rayukansu. Shekau da bakinsa ya ɗauki alhakin kashe Shaikh Albani Zariya a 2014. A watan Nuwamban shekarar aka kashe masallata sama da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano. Da yawan sojojin da ke mutuwa a sansanonin Nijar da Mali da Chadi Musulmi ne masu salla da azumi, haka ma mafi yawan fararen hular da ake kashewa.

Idan bidiyon hari ya shigo wayata, in tura wa wasu?

Kada a tura. Don a yaɗa shi aka ɗauke shi, mai turawa yana yi musu aiki kyauta. Kuma gawar da ke ciki ɗan wani ne, mai yiwuwa mahaifiyarsa ba ta ma ji ba tukuna.

Me zai iya rage faɗuwar sansanoni?

Abubuwan da sojojin fagen daga da kansu ke roƙo ba ɓoyayyu ba ne. A riƙa canza su a kan lokaci, kada mutum ya tsufa a rami. Alawus ya iso hannunsu cikakke. Abinci da ruwa da harsashi su zo kafin su ƙare. A samar da motoci masu jure nakiya da na'urorin gani cikin dare da abin da zai kakkaɓo ƙananan jirage marasa matuƙi. A ajiye dakarun ɗauki da jirage masu saukar ungulu kusa, yadda sansanin da aka kewaye zai ga taimako cikin mintuna. Idan sansani ya faɗi a yi bincike na gaskiya, a hukunta wanda ya ci kuɗi ko ya yi watsi da rahoton da aka aiko masa, a daina sauke laifin kan ƙaramin sojan da ya gudu bayan harsashinsa ya ƙare.

Sai mutanen gari. 'Yan gora da suka tashi a Maiduguri a 2013 sun kori Boko Haram daga cikin birni ne saboda sun san kowa da gidan ubansa. Irin wannan sani ba a samunsa da bakin bindiga. Ana samunsa ne idan mai kawo labari ya tabbata ba za a tona shi ba, kuma ba za a wayi gari sojoji sun tafi sun bar shi da waɗanda ya kai ƙara ba.

Akwai kuma ƙofar miƙa wuya. Bayan mutuwar Shekau dubun-dubatar mutane, mayaƙa da iyalansu da waɗanda aka tilasta wa zama da su, sun fito daga daji a Borno. Mutane da yawa, musamman waɗanda aka kashe wa 'yan uwa, suna jin zafin ganin tubabbu suna yawo a gari, kuma suna da gaskiyarsu. Dole a tantance, a gurfanar da masu jini a hannu, a fara kula da waɗanda aka zalunta kafin waɗanda suka yi zaluncin. Amma a buɗe ƙofar ya kamata ta zauna, domin ƙungiyar da mayaƙanta ke sulalewa ba ta iya tara ɗaruruwan mutanen da cin sansani ke buƙata.